Yadda ake gina gajeren labarin kimiyya a kan al'ada da falsafar Sinawa

Duk wanda ya karanta ƙagaggun labaran kimiyya na ƙasar Sin, ko da fassararsu ce, zai lura cewa na'urorin da ke cikinsu iri ɗaya ne da na ko'ina: kumbo, mutum-mutumi, kwamfuta mai tunani. Inda suka sha bamban shi ne abin da ke damun mutanen labarin. Jarumin yakan shigo ɗauke da nauyin iyayensa, da na kakannin da suka rasu, da na jikokin da ba a haifa ba tukuna, kuma wannan nauyin ne ke yanke abin da zai yi da na'urar da aka miƙa masa. Marubucin da ya rataya jajayen fitilu a jikin kumbo, ya zana dodon nan mai siffar maciji a ƙofarsa, sannan ya bar jarumin yana tunani irin na jaruman finafinan Amurka, ado kawai ya yi. Zan bi matakan aikin da misali guda da na ƙirƙira, domin a ga yadda kowane mataki ke sauya labarin.

Mataki na farko shi ne ka fitar da hakkin da ke wuyan jarumin, tun kafin ka yi tunanin kowace na'ura. Konfushiyas, wanda Sinawa ke kira Kongzi, ya rayu daga shekara ta 551 zuwa 479 kafin Miladiyya a yankin da yau ake kira lardin Shandong, kuma koyarwarsa ba ta ɗauki mutum a matsayin wani tsayayye shi kaɗai ba. Mutum a wurinsa ɗa ne ga wani, uba ga wani, ƙane ga wani, talaka ga wani sarki, aboki ga wani, kuma kowace alaƙa tana da abin da take nema. Mafi nauyinsu ita ce wadda suke kira xiao, wato biyayya da kyautata wa iyaye a raye da kuma bayan mutuwarsu. A cikin littafin da almajiransa suka tattara maganganunsa, an tambaye shi ma'anar wannan biyayya, sai ya ce mutanen zamaninsa sun ɗauka ciyar da iyaye ce, alhali karnuka da dawakai ma ana ciyar da su, idan babu girmamawa ina bambancin? A wani wurin kuma ya ce idan bai halarci bikin tunawa da magabata da kansa ba, to kamar bai yi ba ne. Waɗannan maganganu biyu sun ishe ka labari guda, domin kowace na'urar da za ta ciyar da tsoho ko ta wakilci ɗa a wurin biki za ta faɗa cikin tarkonsu.

Sai ka haɗa wannan da halin da ƙasar take ciki, don kada hakkin ya zama na littafi kawai. Daga 1980 zuwa ƙarshen 2015 ƙasar Sin ta yi aiki da dokar haihuwar ɗa ɗaya, abin da ya samar da gidajen da mata da miji, su biyu, ke riƙe da tsofaffi huɗu da yaro ɗaya. Mutanen karkara kusan miliyan 300 sun bar noma suna aikin ƙwadago, da yawansu a biranen da ke nesa da ƙauyukansu. A 2013 har sai da aka sa wa dokar kare hakkin tsofaffi sharaɗin cewa 'ya'ya su riƙa ziyartar iyayensu. A misalinmu, jarumin ma'aikaci ne ɗan shekara arba'in a wata masana'anta a birnin Shenzhen da ke kudancin ƙasar, shi kaɗai iyayensa suka haifa, mahaifiyarsa ta rasu, mahaifinsa yana ƙauye, kuma bikin Qingming, na share kaburburan magabata, ya gabato alhali ba a ba shi hutun da zai ishe shi tafiya da dawowa ba. Rubuta wannan hakkin a jimla ɗaya a saman takardarka: dole ne a share kabarin uwarsa a ranar, kuma shi ne ya kamata ya share.

Mataki na biyu, ka zaɓi wuri guda ka san shi sosai. Sin ba abu ɗaya ba ce. Ƙabilu 56 gwamnati ta amince da su, cikinsu har da Musulmi irin su Hui, arewa alkama ake ci, kudu shinkafa, kuma mutumin Guangzhou da na Beijing idan kowa ya yi harshen gidansu ba za su fahimci juna ba. Na kai ƙauyen misalinmu arewacin lardin Shaanxi, inda ƙasar rawaya ce mai laushi kamar gari, ruwa ya zaizaye ta ya bar kwazazzabai masu zurfi, tsofaffin gidaje kuma a jikin tudu ake haƙa su. Tsakaninsa da Shenzhen ya fi kilomita dubu. Bikin Qingming yakan faɗo ranar 4 ko 5 ga Afrilu, ya zama hutun ƙasa tun 2008, kuma abin da ake yi a cikinsa sananne ne: a cire ciyawar kabari, a ƙara masa ƙasa, a ajiye abinci da shayi ko giya, a kunna turaren tsinke, a rusuna, a ƙona kuɗin takarda na musamman da aka yi imani mamaci zai amfana da su. A yau har wayar hannu da mota da gida na takarda ake sayarwa don ƙonawa. Marubuci Musulmi ba ya bukatar yarda da wannan aƙida kafin ya rubuta ta, amma yana bukatar ya rubuta ta kamar yadda masu ita suke jin ta, ba da sigar ba'a ba, in ba haka ba tsohon labarinsa zai fito wawa, labarin kuma ya mutu.

A mataki na uku ne za ka shigo da kimiyya, kuma sauyi ɗaya tak ya isa gajeren labari. A nan ya kamata a daɗe, domin Sinawa sun fara gardama a kan na'ura tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, kuma tsofaffin hikayoyinsu biyu sun nuna hanyoyin da tambayar take bi. Ta farko tana cikin littafin Zhuangzi, ɗaya daga cikin ginshiƙan falsafar Dao. Wani almajirin Konfushiyas mai suna Zigong yana kan tafiya sai ya ga wani tsoho yana ban-ruwa a lambu, yana gangarawa rijiya da tulu yana rungumo shi, wahala mai yawa, amfani kaɗan. Sai ya ba shi shawarar wata na'urar katako, bayanta da nauyi gabanta ba nauyi, mai iya shayar da kunya ɗari a rana. Jigo ke nan, irin wanda manoman fadama suka sani. Tsohon ya ɓata rai, sannan ya yi dariya ya ce malaminsa ya gaya masa cewa mai na'ura sai ya shiga harkar na'ura, mai harkar na'ura kuwa sai zuciyarsa ta koma ta na'ura. Ya ƙara da cewa ya san da jigon sarai, kunyar amfani da shi yake ji. Lura da cewa tsohon bai ce jigon zai lalace ko zai cutar da kowa ba. Tsoronsa abin da sauƙin zai mayar da shi ne.

Hikaya ta biyu tana cikin littafin Liezi. Wani gwanin sana'a mai suna Yan Shi ya kawo wa Sarki Mu na daular Zhou wani mutum da ya ƙera, mai tafiya da waƙa da rawa, har sarki ya ɗauka mutum ne na gaske. Ana cikin kallo sai abin ya kashe wa ƙwaraƙwaran sarki ido, sarki ya fusata zai kashe maƙerin, shi kuma ya yi sauri ya warware shi ya nuna cewa fata ce da katako da danƙo da fenti. Da sarki ya cire masa zuciya sai ya kasa magana, da ya cire hanta sai ya daina gani, da ya cire ƙoda sai ya kasa tafiya. Laifin wannan mutum-mutumin rashin ladabi ne a gaban sarki, tawaye bai ma zo cikin zancen ba.

Daga waɗannan biyun za ka zaɓi tambayarka: ko dai me na'urar za ta yi wa zuciyar mai ita, ko kuma wane matsayi za a ba ta a cikin tsarin girma da ladabi. A misalinmu, ɗan ya yi hayar wani mutum-mutumi mai ƙafa huɗu da hannu biyu wanda zai hau tudu ya share kabarin, ya ajiye abinci, ya rusuna sau uku, ya aiko masa da hoton komai. Wannan bai yi nisa da gaskiya ba, domin a yanzu ma akwai masu karɓar kuɗi su share kabari a madadin wanda bai samu zuwa ba. Ka ba na'urar iyakoki na zahiri ka kiyaye su har ƙarshe: batirinta awa huɗu yake yi, ƙafarta tana zamewa a laka idan an yi yayyafi, layin sadarwa yana yankewa a cikin kwazazzabo. Kada ka bar ta ta gaza a aikinta, domin idan ta gaza, amsar ta zo da araha. Ta yi sharar fiye da yadda ɗan zai iya, sannan mai karatu ya tambayi kansa ko an sauke hakkin.

Mataki na huɗu shi ne ka haɗa mazhabobi biyu faɗa, kowace a jikin mutum. Falsafar Sinawa ba murya ɗaya ba ce. Mabiya Konfushiyas sun dogara da li, wato al'adar ladabi da biki da aka gada. Mabiya Dao, masu bin littafin Laozi mai babi 81, sun fifita barin abu ya bi tafarkinsa ba tare da tilastawa ba, suna misali da ruwa mai neman gangare. Akwai kuma masu ra'ayin doka, irin su Han Fei da ya mutu a shekara ta 233 kafin Miladiyya, waɗanda suka ce rubutacciyar doka da lada da horo ne ke riƙe ƙasa, kuma da ra'ayinsu daular Qin ta haɗe ƙasar a 221 kafin Miladiyya. Ba sai ka ambaci sunan ko ɗaya a cikin labarin ba, hasali ma gara kada ka ambata. A misalinmu an gina na'urar a kan doka: ba za ta kunna wuta a kan tudu ba, saboda hukumomi a wurare da dama suna hana ƙone-ƙone a lokacin bikin don gudun gobarar daji. Tsohon kuwa a wurinsa bikin da babu hayaƙi bai isa ga matarsa ba. Ga shi tsaye da ashana a hannu, iska tana kaɗa kuɗin takarda, na'urar tana maimaita masa cikin ladabi cewa ba a yarda ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, kuma aikinka ka hana kanka zaɓar wanda zai yi nasara tun da wuri.

Mataki na biyar gajere ne amma yana sauya girman labari: ka auna lokaci da zuri'a. A cikin Liezi akwai hikayar tsoho Yu Gong, ɗan kusan shekara casa'in, da ya ɗauri aniyar kawar da duwatsu biyu da suka tare masa hanya. Da aka yi masa dariya sai ya ce idan ya mutu akwai 'ya'yansa, su ma za su haifi nasu, dutse kuwa ba ya ƙaruwa. Irin wannan lissafin ne ke ƙarƙashin labarin Liu Cixin da mujallar labaran kimiyya ta birnin Chengdu ta buga a 2000, wanda aka mayar fim a 2019, inda rana ta kusa hallaka duniya, mutane kuma maimakon su gudu a kumbo suka kafa wa duniyar injina suka tura ta zuwa wani tauraro, tafiyar shekara 2,500 da za ta ci zuri'a ɗari. Sun tafi da gidan gaba ɗaya, har da ƙasar da aka binne iyayensu. A ƙaramin labari irin namu ba a bukatar shekara dubu. Ya isa a nuna cewa kabarin uwar yana cikin jerin kaburbura goma sha ɗaya a gefen tudun, yawancinsu ba rubutu, kuma tsohon ne kaɗai ya rage wanda ya san na wane ne wane.

Mataki na shida ya shafi suna da kira, kuma a nan baƙon marubuci ya fi saurin tona kansa. Sunan dangi ne ke zuwa farko, saboda haka a Liu Cixin, Liu ne sunan gida. Abokan aiki sukan sa Lao a gaban sunan dangin wanda ya girme su, Xiao kuma a gaban na ƙarami, sai ka ji Lao Wang da Xiao Wang. Ɗa ba ya kiran uba da sunansa, Baba yake cewa, uwa kuma Mama, abin da zai zo wa Bahaushe da sauƙi. Kakanni na wajen uba yeye da nainai ne, na wajen uwa kuma a wurare da yawa waigong da waipo, kalmar wai tana nufin na waje. Wannan ya ba ka wata dama: me tsohon zai kira na'urar, ita kuma me za ta kira shi? Idan da safe yana ce mata abin nan, da yamma kuma ya fara ce mata yaro, ka faɗi rabin labarin ba tare da bayani ba. Wajen raɗa wa na'ura suna kuwa, ka dubi yadda Sinawa ke yi da nasu. Kumbon da ya sauka a bayan duniyar wata ranar 3 ga Janairun 2019 sunansa Chang'e, matar da tatsuniya ta ce ta tashi zuwa wata. Motar da ya sauke Yutu ce, zomon da ke zaune da ita a can. Tauraron ɗan adam ɗin da ya haɗa su da duniya kuma Queqiao, gadar da tsuntsaye ke yi wa masoya biyu sau ɗaya a shekara. Kamfanin da ke cikin labarinka zai ba na'urarsa suna mai daɗin ji daga irin wannan taska, kuma tazarar da ke tsakanin sunan da takardar kuɗin haya abin amfani ce gare ka.

Game da hira, ka rage ta. Uba da ɗa na irin wannan gida da wuya su furta ƙauna ko kewa. Uban zai tambaya ko ya ci abinci, ɗan zai tambaya ko maganin hawan jini ya ƙare, sai a yi shiru, sai ɗaya ya ce kuɗin waya na tafiya. Duk inda ka ga jaruminka yana bayyana falsafa da bakinsa, goge wurin ka ba shi wani abu ya riƙe a hannu.

Mataki na bakwai shi ne gini. Masu nazarin waƙoƙin Sinawa suna da tsari mai gaɓa huɗu da suke kira qi, cheng, zhuan, he, wato buɗewa, ɗorawa, juyi da haɗewa, kuma ya dace da gajeren labari ƙwarai. Buɗewa: ɗan yana biyan kuɗin haya a wayarsa a layin cin abinci na masana'anta, ya kira ubansa ya gaya masa, uban ya kashe wayar. Ɗorawa: na'urar ta iso ƙauye a bayan a-kori-kura, yara sun biyo ta, tsohon ya bi ta zuwa tudu don kada ta taka inda bai kamata ba, ta yi shara mai kyau, sai rigimar wuta ta tashi. Gaɓa ta uku ce ta fi wuya, domin juyi a wannan tsari ba ƙaruwar faɗa yake nufi ba, duban abin daga wata kusurwa ce da ba a zata ba. A misalinmu layin sadarwa ya yanke, ɗan ba ya ganin komai, tsohon ya zauna a kan tudu yana huci, sai ya tambayi na'urar ko tana mantuwa. Ta ce ba ta yi. Sai ya miƙe ya ja ta daga kabari zuwa kabari, yana faɗa mata wannan kakansa ne da ya mutu a shekarar yunwa, wannan ƙanwar ubansa ce da ba ta yi aure ba, wannan fili kuma da babu kowa a ciki nasa ne, kusa da matarsa. Batiri saura minti ashirin, shi kuma yana sauri.

Haɗewa ita ce gaɓar da za ka fi jin kwaɗayin ɓatawa. Kada ka sa ɗan ya ajiye aiki ya koma ƙauye, kada kuma ka sa tsohon ya furta cewa na'ura ta fi ɗa. Dubi labarin Hao Jingfang da ya ci kyautar Hugo, wadda ake ba ƙagaggun labaran kimiyya, a 2016, inda birnin Beijing ke naɗewa ya kasu uku: cikin kowace awa 48, mutum miliyan 5 suna samun awa 24, miliyan 25 suna samun 16, miliyan 50 kuma awa 8 kacal. Jarumin ma'aikacin shara ne da ya tsallaka iyakokin nan don neman kuɗin makarantar 'yar da yake riƙo, ya gano a can cewa injina za su iya yin aikinsa, an bar su ne kawai don irinsa su samu abin yi. Bai tayar da bore ba. Ya dawo da kuɗin, ya duba yarinyar, ya shirya tafiya aiki. Masu zanen Sinawa suna barin wani ɓangare na takarda fari da gangan, mai kallo ya cika shi da hazo ko ruwa, kuma irin wannan gurbin ake bari a ƙarshen labari. Namu yana iya tsayawa da tsakar dare a ɗakin kwanan ma'aikata, lokacin da hoton da ya maƙale ya iso wayar ɗan, yana sauraro da abin kunne don kada ya tashi abokan ɗakinsa, yana tsayar da muryar ubansa yana mayarwa baya, yana rubuta sunayen a bayan takardar albashi.

Mataki na ƙarshe gwaji ne da za ka yi bayan ka ajiye rubutun kwana biyu ko uku. Ka cire duk sunayen Sinanci da na wurare ka sake karantawa. Idan labarin zai iya faruwa a kowace ƙasa ba tare da an sauya abin da jarumin ya yi ba, koma mataki na farko, domin hakkin bai kama ba. Sannan ka ƙirga kalmomin Sinanci da ka bari, duk wadda Hausa ke da madadinta ka sauya ta, ka bar uku ko huɗu da ba su da shi. Ka tabbatar da ranar bikin, da abin da ake nomawa da wanda ake ci a lardin da ka zaɓa, da kuma cewa batirin da ka ce awa huɗu yake yi bai kai awa shida a kan tudu ba. In da hali, ka ba wani da ya zauna a yankin ya karanta, ka roƙe shi ya ja layi a ƙarƙashin duk jimlar da tsohon ƙauyensu ba zai taɓa faɗa ba.